Lasifika mai ƙarfin amsawa da matakan ƙara sauti: yadda ake samun matakai ƙanana a kwamfuta da waya

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah mazaunin Kubwa a Abuja. Ya ce ya sayi manyan lasifika guda biyu masu bakin ƙaho a sama, irin waɗanda ake kaiwa wajen taro, an rubuta desibel 98 a bayansu (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ya haɗa su da amfilifaya mai wat 100 a kowane gefe, sautin kuma yana fitowa daga kwamfutarsa ta wani ƙaramin akwatin sauti na USB. Damuwarsa ita ce da dare, idan yana son sauraren tafsiri ko labarai ba tare da ya tashi iyali ba, sai ya tarar mataki ɗaya ya yi ƙasa har kalmomi ba sa fita, mataki na gaba kuma ya cika falo har maƙwabta su ji. Yana son ya san ko akwai manhajar da za ta ba shi matakai a tsakanin waɗannan biyun, da kuma ko gaskiya ne rage sauti ta manhaja yana ɓata ingancinsa.

Malam, manhajar tana nan, kuma zan bayyana maka yadda ake samun ƙananan matakai a kowace irin na'ura. Sai dai ina so ka fara fahimtar cewa ƙarancin matakai ba shi ne tushen matsalarka ba. Tushenta shi ne kayanka sun fi ƙarfin ɗakinka nesa ba kusa ba, saboda haka duk sauraron da kake yi yana cunkushe ne a ɗan gindin ma'aunin ƙara, a wurin da matakan suka fi girma kuma suka fi muni. Wanda ya gyara wannan ya gama da mafi yawan aikin, wanda kuma ya tsaya a kan neman manhaja kaɗai zai ci gaba da fama.

Lambar nan 98 da ke bayan lasifikarka ita ce ƙarfin amsawarta, wato ƙarar da za ta fitar idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Lasifikar gida ta yau da kullum, irin wadda ake ɗorawa a kan kanta, tana tsakanin desibel 84 da 88 ne. Bambancin bai yi kama da wani abu ba a takarda, amma desibel ba a lissafa shi kamar kuɗi: kowane ƙarin desibel 3 yana nufin ninka wutar da ake bai wa lasifika sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma yana nufin ninka ta sau goma, kunne kuwa yana jin wannan goman kamar an ninka ƙarar sau biyu. Ke nan abin da lasifika mai 88 za ta yi da wat 10, taka za ta yi shi da wat 1. Ba aibi ba ne, da gangan aka ƙera ta haka. Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1946 a kan lasifika mai ƙaho, wadda ake ƙiyasta ƙarfin amsawarta a wajen desibel 105, a zamanin da amfilifayar gida ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba, masu kayan taro kuma har yau suna bin wannan hanya domin su cika fili da wuta kaɗan.

Yanzu mu yi lissafin kayanka. Wat 100 ya fi wat 1 da desibel 20, don haka ƙololuwar abin da za ka iya fitarwa ita ce wajen desibel 118 a nisan mita 1. Amfilifaya irin taka galibi bolt 1 take buƙata a mashigarta kafin ta kai ƙarshen ƙarfinta, akwatunan sauti na USB kuwa da yawansu bolt 2 suke bayarwa, wato akwai rarar desibel 6 da ba za ka taɓa iya amfani da ita ba. Matsakaicin ƙarar waƙa ko magana yana zama ƙasa da ƙololuwarta da desibel goma sha wani abu, mu ɗauka 14. Idan ka haɗa waɗannan za ka ga cewa domin ka saurara da yamma a desibel 70, kusa da ƙarar hira mai ɗan ɗaga murya, dole ka rage desibel 40 daga cikakken sauti, domin sauraron dare a desibel 55 kuma dole ka rage 55. Nisan kujerarka daga lasifika yana rage wani abu, amma kasancewarsu biyu da amsa-kuwwar bangon siminti da tayil suna mayar da mafi yawansa, don haka lissafin bai yi nisa da gaskiya ba. Da dare abin da amfilifayarka ke bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wat ɗaya ba. Kamar mutum ne da ke son cika kofin shayi daga bututun da ke fitowa kai tsaye daga injin burtsatse: duk yadda ya lallaɓa famfon, ko dai ruwa ya ƙi zuwa ko ya fantsamo masa a jiki.

Abu na biyu shi ne yadda manhaja ke fassara lambar da kake gani a allo. Kunne yana auna canjin ƙara ne da ninki, ba da ƙari ba, don haka ma'aunin da ya dace shi ne wanda kowane matakinsa yake daidai a desibel, tun daga sama har ƙasa. Manhajoji da yawa ba haka suke ba. Mafi sauƙin rubutawa ita ce wadda ke ninka sautin da lambar kai tsaye, kuma a irinta kashi 50 cikin ɗari yana rage desibel 6 kacal, kashi 10 yana rage 20, kashi 1 kuma yana rage 40. A nan sauraronka na yamma yana kan lamba 1 ne cif, matsawa zuwa lamba 2 tsalle ne na desibel 6, sauraron dare kuwa ba shi da gurbi sam, domin yana tsakanin sifili da ɗaya. Tsarin PulseAudio na Linux ya fi wannan kyau, domin yana ninka lambar da kanta sau uku kafin ya yi amfani da ita, ta yadda kashi 50 ke rage desibel 18, kashi 10 ke rage 60. Duk da haka, idan maɓallinka yana tafiya biyar-biyar, daga 90 zuwa 95 canjin bai kai desibel 1 da rabi ba, daga 10 zuwa 15 kuwa ya haura desibel 10, daga 5 zuwa 10 kuma desibel 18 ne. Mafi ƙanƙantar canjin da kunne ke lura da shi cikin sauƙi wajen desibel 1 ne, saboda haka ka ga yawan matakan da aka ɓarnatar a sama inda ba ka zuwa, aka bar ka da biyu ko uku a ƙasa inda kake zaune.

Gyaran farko, wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne a rage sautin sau ɗaya a tsakanin akwatin sauti da amfilifaya, a bar shi haka. Idan amfilifayarka irin ta masu taro ce mai maɓallin juyawa biyu a gaba, ɗaya ga kowane gefe, to waɗannan maɓallan aikinsu ke nan, kuma ba su rage wat ɗin amfilifayar, abin da ke shiga cikinta kawai suke ragewa. Mutane da yawa suna murɗa su har ƙarshe saboda zaton cewa haka ne ake cin moriyar kuɗin da aka kashe, alhali a falo wannan shi ne babban kuskure. Ka mayar da su ƙasa gaba ɗaya, ka kunna faifan da ya fi kowanne raunin murya a cikin waɗanda kake saurara, ka kai ma'aunin kwamfuta wajen kashi 90, sannan ka dinga ɗaga maɓallan a hankali har ka kai iyakar ƙarar da za ka taɓa so da rana tsaka. A nan za ka tsaya, ka manna ɗan salatif ka yi alama da biro, daga ranar kuma da kwamfuta kaɗai za ka dinga ƙarawa da ragewa.

Idan maɓallin guda ɗaya ne mai juya gefen biyu tare, akwai wata matsala da ya kamata ka saurara da kunnenka. Irin wannan maɓalli yana da hanyoyi biyu na gawayi (kabon) a cikinsa, kuma a farkon juyawa, ƙasa da inda hannun agogo ke nuna ƙarfe tara, da wuya su zo daidai, sai ka ji muryar mai karatu ta karkata hagu ko dama. Idan haka ta faru, ko kuma amfilifayar ba ta da maɓalli sam, maganin shi ne rezista biyu a kowane gefe, wato 'yan ƙananan kayan lantarki masu rage gudun wuta, waɗanda ake auna ƙarfinsu da om. A sa mai om 10,000 a kan hanyar sautin, a sa mai om 1,000 daga bayanta zuwa wayar ƙasa, wato ta giraun, abin da zai wuce ya zama kashi ɗaya cikin sha ɗaya, wato an rage kusan desibel 21. Wanda yake son ragi na wajen desibel 10 kawai sai ya yi amfani da 6,800 da 3,300. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen walda zai haɗa maka wannan a cikin kan filogin RCA, wato kan wayar sautin da ke shiga amfilifaya, ko a nan Kubwa ko a wajen masu kayan lantarki na Banex da ke Wuse 2, ana kuma sayar da irinsa haɗaɗɗe. Ka roƙe shi ya auna rezistocin da mita domin na hagu da na dama su zo ɗaya, ya kuma sa su a ƙarshen wayar da ke shiga amfilifaya, ba a ƙarshen da ke fita daga akwatin sauti ba, domin doguwar waya bayan rezista tana iya dusashe siraran sautuka. Kada a kuskura a sa su a kan wayar da ke tafiya daga amfilifaya zuwa lasifika, domin can wuta ce mai yawa, kuma lissafinta daban ne.

Da wannan ragi na desibel 20, ƙololuwarka ta dawo wajen 104, wato 118 da rarar nan ta 6 a cire 20, wanda har yanzu ya fi ƙarfin kowane falo a Kubwa. A ma'auni irin na PulseAudio sauraron yamma ya tashi daga kashi 21 ya koma wajen 46, na dare kuma daga 12 ya koma 26, inda matsawa da lamba ɗaya take daidai da desibel 1.

Sai kuma manhajar da ka tambaya. A Windows ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 100, maɓallan allon rubutu suna matsar da shi biyu-biyu, amma idan ka ja sandar da linzami za ka iya tsayar da ita a kowace lamba. Abin da ya fi wannan amfani shi ne manhajar kyauta mai suna Equalizer APO, wadda ke zama a bayan fage tana sarrafa duk sautin da ke fita. A cikin fayil ɗinta na saiti, layi ɗaya mai cewa "Preamp: -20 dB" zai sauke komai da desibel 20, ya tura sauraronka zuwa tsakiyar ma'auni kamar yadda rezista za ta yi. Manhajar sauraro ta foobar2000 ita ma tana nuna ƙararta da desibel, kuma ana iya saita girman matakinta. A kwamfutar Mac matakan 16 ne, amma idan ka danne Shift da Option tare sannan ka taɓa maɓallin ƙara, kowane mataki zai rabu huɗu, ka samu 64. A Linux umarnin "pactl set-sink-volume @DEFAULT_SINK@ -1dB" yana rage desibel 1 cif, irinsa mai alamar ƙari kuma yana ƙarawa, sai ka ɗaura su a kan maɓallai biyu na allon rubutu, ka samu ma'aunin da matakinsa ba ya canzawa ko'ina kake. A ganina wannan shi ne tsarin da ya kamata kowace na'ura ta zo da shi tun daga kamfani.

Wayar hannu ta fi wahala, domin yawancin wayoyin Android matakai 15 suke da su na sautin waƙa, iPhone kuma 16 a maɓallan gefe, ko da yake sandar da ke kan allo tana karɓar matsawa ƙanana idan aka ja ta da yatsa a hankali. Masu Samsung suna da manhajar kamfanin mai suna Sound Assistant wadda ke rage girman matakin. Idan kuma ta Bluetooth kake haɗawa, waya da lasifika sukan haɗe ma'auninsu ya zama ɗaya, wayar tana aika lamba tsakanin 0 da 127, lasifikar tana fassara ta yadda aka ƙera ta. A Android ana raba su ta hanyar kunna "Disable absolute volume" a cikin saitin masu ƙera manhaja, wanda ke bayyana bayan an taɓa "Build number" a cikin bayanin wayar sau bakwai. Bayan haka sai ka sauke na lasifikar ka bar shi, ka dinga wasa da na wayar.

Game da ɓata inganci, maganar da aka gaya maka tana da asali, amma ta tsufa. Sautin dijital lambobi ne da ake rubutawa da gurabe masu suna bit, kowane bit ɗaya kuma yana ɗauke da kusan desibel 6, don haka faifan CD mai bit 16 yana da faɗin desibel 96 tsakanin ƙololuwa da ƙasan da ba a iya rubuta komai. Idan manhaja ta rage desibel 40 sannan ta tura sakamakon a bit 16, kusan bit 7 sun zube, abin da ya saura bai wuce 9 ko 10 ba, kuma a kan lasifika irin taka ana iya jin ƙaiƙayin hakan a ƙarshen kalma ko inda sauti ke mutuwa. Amma tun daga Windows Vista tsarin yana yin lissafinsa na ciki da bit 32, sauran tsare-tsaren zamani ma haka suke, abin da ya rage gare ka shi ne ka shiga saitin na'urar sauti ka zaɓi fitarwa a bit 24. Da zarar ka yi haka, akwai rarar bit 8, wato faifai mai bit 16 zai iya sauka da desibel 48 ba tare da ya rasa komai a lissafi ba.

Abin da manhaja ba za ta iya ragewa ba shi ne hucin na'urar kanta. Kowane akwatin sauti yana da wani siririn shuu da yake fitarwa ko da ba a kunna komai ba, kuma wannan yana nan daram ko ma'auninka yana kan 5 ko yana kan 100. Akwati mai kyau yana ajiye shi wajen desibel 110 ko fiye ƙasa da cikakken sauti, wanda a kayanka zai fito a wajen desibel 14, ba mai jin sa. Mai rauni, kamar ramin iyafis na wasu kwamfutocin hannu, idan nasa yana desibel 90 ƙasa, zai fito a 34, kuma da ƙarfe ɗaya na dare bayan an kashe fanka za ka ji shi sarai daga bakin ƙahon. Rezista ko maɓallin amfilifaya suna sauke wannan huci tare da sautin, Equalizer APO kuwa sautin kawai take saukewa ta bar hucin inda yake, wannan ne ya sa na gabatar da gyaran rezista ko maɓallin amfilifaya a kan na manhaja. Haka ma ƙugin da ke shigowa idan cajar kwamfuta tana jone da janareta ko inbata, yawancinsa yana raguwa da wannan ragin. Ka gwada da kanka: ka tsayar da sauti, ka kai kunne kusa da ƙahon, sannan ka mayar da maɓallan amfilifaya ƙasa gaba ɗaya. Idan hucin ya tafi, daga ɓangaren kwamfuta yake, idan kuma ya tsaya, na amfilifayar ne, kuma babu maganinsa sai a sauya ta da ƙarama mai shiru. Mai wat 10 ko 15 ta ishi lasifika mai 98 a cikin gida har da saura.

Akwai kuma batun tsaro, wanda nake roƙonka kada ka yi wasa da shi. Idan manhaja ce kaɗai ke tsare da kai daga desibel 118, to ranar da ta saki, komai zai fito. An ɗauke wuta kwamfuta ta sake tashi, ko an sabunta tsarin, ko an zare USB an mayar a wani rami, ma'aunin yana iya komawa 100 ba da saninka ba. Wasu manhajojin sauraro suna kama na'urar sauti su kaɗai ta hanyar ASIO ko keɓantaccen yanayin WASAPI, hanyoyin da ke tsallake sarrafawar Windows, a nan kuwa Equalizer APO ba ta aiki ko kaɗan. Ƙaramin ƙaho mai fitar da siraran sautuka shi ne farkon abin da ke ƙonewa, kunnen yaron da ke wasa a gaban lasifikar kuma ya fi ƙahon tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, ka ga a sama da 110 maganar mintuna ƙalilan ake yi. Ka kashe sautukan sanarwa na tsarin gaba ɗaya, ka kuma saba da kunna amfilifaya a ƙarshe da kashe ta a farko.

Bayan duk wannan za ka iya lura cewa har yanzu hannunka bai huta ba idan ka tashi daga wani faifai zuwa wani, domin tsohon tafsirin da aka kwafo daga kaset da waƙar da aka haɗa a sutudiyo bana suna iya bambanta da desibel 10 ko fiye a matsakaicin ƙararsu. Wannan ba laifin ma'auni ba ne, kuma maganinsa shi ne daidaita ƙarar fayilolin. Tsarin ReplayGain, wanda aka fito da shi a 2001, yana auna kowane fayil ya rubuta a jikinsa nawa za a ƙara ko a rage, ba tare da ya taɓa sautin kansa ba, foobar2000 kuma tana iya yin awon da amfani da shi. Ka zaɓi dukan fayilolinka ka bar ta ta auna su sau ɗaya, sannan a wajen sauraro ka zaɓi daidaitawa ta kundi ga karatun da aka raba kashi-kashi, domin a yi wa kowane kashi ƙari ko ragi iri ɗaya da ɗan'uwansa, ka zaɓi ta fayil ɗaya-ɗaya idan kana gauraya abubuwa daban-daban. A Spotify irin wannan daidaitawa tana cikin saiti, kuma tana da zaɓi na ƙasa wanda ke sauke komai da desibel 5 daga matsakaicin, shi ne ya fi dacewa da lasifikarka da dare.